Leɓen Tabita

Sau uku Juwairiyya tana raka Tabita birnin Kano, sau uku suna dawowa da kumburin nan a bakinta yadda suka tafi da shi.

A cikin leɓenta na ƙasa yake, ta ɓangaren hagu. Da shi aka haife ta, lokacin bai wuce ƙwayar dawa ba. Tana girma yana girma, har ya kai ƙwallon kanya, shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga masa shuni. In aka danna shi sai ya lotse, ana ɗauke yatsa ya ciko. In ta daɗe a sunkuye wajen cirar gyaɗa sai ya cika tim, ya turo leɓen waje. Ranar da tsautsayi ya sa ta cije shi tana cin tuwo kuwa, sai an jiƙa tsumma biyu kafin jinin ya tsaya.

Mutanen Kwarin Giginya sun daɗe da yanke hukunci: mataccen jini ne, a tsaga ya fita kowa ya huta. Juwairiyya, wadda ta yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya ta dawo tana kula da ƙaramin asibitin garin, ita kaɗai ke cewa ba haka ba ne. Likitan baki da ta kai Tabita wurinsa, Dakta Kamaruddeen, ya zana musu abin a takarda. Hanyoyin jini ne suka cukurkuɗe wuri guda suka buɗe kamar jaka, kuma jinin da ke ciki rayayye ne, yana shiga yana fita. Duk wanda ya sa masa aska, tulu ya huda ta gindi. Maganinsa wata na'ura ce da ake kira leza, mai fitar da siririn haske ta bakin wani abu kamar alƙalami. Hasken yana ƙona hanyoyin daga ciki su yanƙwane, ba yanka, ba zubar jini. Zama biyu ko uku an gama.

A baki ke nan. Zuwan farko aka ce na'urar ta lalace, ana jiran mai gyara daga Legas. Na biyu aka ce Dakta ya tafi taro. Yau kuma, bayan sun yi sammako sun zauna a benci har azahar, wani ma'aikaci ya buɗe littafi yana sakace, ya ce ai kuskure aka yi wajen rubuta musu rana, su dawo sha tara ga Nuwamba.

"Ku yi haƙuri," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

Da haƙuri yana warkar da ciwo, da tuni an rufe asibitocin ƙasar nan. Juwairiyya ta haɗiye maganar, don ta san in ta faɗa, katin nasu ƙasan tebur zai koma.

Motar Minjibir ta sauke su a bakin kwalta, suka kama 'yar siririyar hanya tsakanin gonakin dawa da ta nuna tana jiran girbi.

"Kwana goma sha ɗaya ne kawai," in ji Juwairiyya.

"Wancan karon ma kwana sha huɗu ne kawai." Tabita ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kamar yadda ta saba in za ta yi magana. "Juwai, bikina saura sati bakwai. Dangin Japhet za su taso tun daga Rimin Gado su tsaya kallon bakina. Ga shi an ce ni zan ba da waƙa a coci ranar Kirsimeti."

"Japhet ne ya ce miki abin ya dame shi?"

"Japhet? Shi ko jela na fitar cewa zai yi ta yi min kyau. Ni ya dama." Ta yi 'yar dariya a cikin mayafin, sannan ta rage murya. "Baba ya ce in yau ma ba a yi ba, zai kira Baba Badaru."

Juwairiyya ta ja ta tsaya. Badaru mahaifinta ne, kuma shi ne wanzamin garin. Kakansa ne yake yi wa kakan Kawu Abel, mahaifin Tabita, aski, tun mutanen gidan suna bin addinin gargajiya, kafin su shiga coci. Zuriya uku ke nan, duk jaririn da aka haifa a gidan su Tabita askar gidan su Juwairiyya ce ke fara taɓa kansa.

"Ke kuma me kika ce?"

"Na ce to."

"To? Tabita, da idonki kika ga zanen da Dakta ya yi!"

"Zane kam na gani. Na'urar ce ban taɓa gani ba."

Bayan la'asar ta tarar da mahaifinta a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya baje zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aiki, yana wasa aska a hankali.

"Sannu da hanya, Uwata." Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kama sunanta. "An dace?"

"Ba a dace ba. Baba, da gaske ne Kawu Abel ya aiko?"

"Ya aiko. Gobe da hantsi."

"Kuma za ka je?"

"An taɓa kiran wanzami gidan da ya gada ya ƙi zuwa?"

Ta durƙusa a gabansa ta shiga bayani. Ta yi masa maganar hanyoyin jini, ta yi ta leza, har ta zana masa a ƙasa da tsinke. Yana ji yana gyaɗa kai, yana gwada kaifin askar a gashin hannunsa. Wannan gyaɗa kan shi ya fi ƙona mata rai. Haka mutanen garin nan suke: su ce maka to, su ce Allah ya yi albarka, kana juya baya su yi abin da kakansu ya yi.

"Na ji, Uwata," ya ce da ta gama. "Ki bar ni da sana'ata. Je ki ci abinci."

Washegari ta buɗe asibiti, ta yi wa mata biyu awo, amma hankalinta yana gidan Kawu Abel. Da hantsi ya dubi ludayi ta kasa daurewa. Ta rufe ƙofa, ta nufi gidan da farar rigar aikinta.

A tsakar gida ta same su. Tabita na zaune a kan kifaffen turmi, ta sunkuyar da kai. Kawu Abel da ƙannensa biyu suna kan tabarma, Inna Rachael, mahaifiyar Tabita, tana tsaye da ƙwaryar ruwa, matan maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin ɗakin girki. Badaru na tsugune, ƙaho a hannun hagu, aska a dama.

Askar kawai ta gani. Ba ta yi sallama ba.

"Baba, ajiye askar nan!"

Kajin da ke tono a tsakar gidan suka watse.

"Wallahi in ka tsaga leɓen nan kashe ta za ka yi! Jiya na yi maka bayani, kana ta gyaɗa min kai. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba mana! Wannan ba beli ba ne da za ka yanke ka jefar. Jahilci ne wannan, kuma in wani abu ya same ta, ni da kaina zan kai rahoto ƙaramar hukuma!"

Ɗaya daga cikin matan ta yi salati. Kawu Abel ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Juwairiyya," ya ce daga baya, "ubanki ne fa."

"Na sani, Kawu. Ita kuma 'yarka ce."

Badaru bai dube ta ba. Ya goge askar da ba ta taɓa komai ba a jikin rigarsa, ya naɗe ta, ya mayar da ƙahon cikin zabira, ya ɗaure bakinta ɗauri biyu. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa gwiwa.

"Abel, ka yafe ni. Ga malama likita nan, ita ta san aiki. Ni daga yau na cire hannuna daga maganar yarinyar nan."

"Haba Badaru, zauna mana. Yarinta ce."

"A'a. Wanda 'yar cikinsa ta kira jahili a gaban mata, hannunsa ba ya ƙara tsayawa daidai."

Ya rataya zabira ya fita. Tabita ta tashi daga kan turmin ta shige ɗaki, ba ta ko kalli inda Juwairiyya take ba.

Juwairiyya ta koma asibiti, a ranta cewa take ta yi nasara. Kwana goma ya rage. Mahaifinta ya daina amsa gaisuwarta, matan gari suka rage zuwa awo, ana ta yamaɗiɗi da ita a bakin rijiya cewa boko ya cire mata kunya. Ta ce su yi ta yi. In dai leɓen Tabita zai kai ranar sha tara ba a taɓa shi ba, ta yarda a zage ta har ƙarshen shekara.

Ran kwana na uku, ranar kasuwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar asibiti da wani irin birki. Japhet ne ke tuƙi. A bayansa Tabita ce, Inna Rachael ta rungume ta ta baya, ta danna mata zani a baki. Zanin ya rine. Gaban rigar Tabita ya rine. Har bayan rigar Japhet ya jiƙe.

"Wa ya yi?" Juwairiyya ta tambaya tana jan ta zuwa gado.

"Wani wanzami ne daga kasuwa," in ji Inna Rachael tana kuka. "Babanta ya ɗauko shi. Ya ce shi ya saba, ya yi wa mutum ya fi goma. Yana tsagawa sai jini ya yi tsartuwa. Ya sa garin magani, jini ya wanke shi. Ya ce bari ya ɗauko wani a babur ɗinsa, shi ke nan ba mu ƙara ganinsa ba."

Juwairiyya ta sa safar hannu, ta zaunar da Tabita ta karkato da kanta gaba don kada ta shaƙi jinin, ta cusa auduga ta matse leɓen tsakanin yatsu biyu. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba, amma jini na ɓulɓulowa baƙi-baƙi kamar an buɗe famfo. Ta ƙirga minti goma ta ɗan saki. Ya dawo. Ga shi tana buƙatar hannayenta biyu ta sa mata ƙarin ruwa, leɓen kuma ba ya sakuwa. Inna Rachael ta gwada riƙewa, audugar ta zame.

"Japhet, nemo mota! Ko wace iri ce!"

Yana fita wani ya shigo. Ba ta ɗago ba sai da ta ga hannun, busasshen hannu mai tabon aska a babban yatsa.

"Matsa," in ji Badaru.

Ya wanke hannu a bokiti, ya karɓi sabuwar auduga, ya kama leɓen. Bai matse kan tsagar kawai ba, ya sa yatsun ɗaya hannun ya danne gefe da gefenta, can ƙasa wajen haɓa. Jinin ya ragu. Juwairiyya ta samu jijiya a hannun Tabita ta ɗaura ruwan.

A-kori-kurar da Japhet ya samo an riga an yi mata lodin buhunan gero za ta Dawanau. A kan buhunan suka zauna. Tabita ta jingina da ƙirjin mahaifiyarta, idonta a lumshe, Badaru na riƙe da leɓen, Juwairiyya ta ɗaga ledar ruwan sama. Motar na faɗawa rami tana fita, hannun tsohon bai motsa ba.

Sai da suka hau kwalta ta yi magana.

"Baba, ya aka yi ka san inda ake dannewa?"

"Tun tana shekara goma na sani."

"Ka san me?"

"Na san ba mataccen jini ba ne. Mataccen jini in ka danna shi ba ya gudu ya dawo. Ranar da Abel ya fara kira na, ina taɓawa na gane wannan ba na aska ba ne."

Ta zuba masa ido. "To ran nan me za ka yi da askar?"

"Abin da nake yi kowace shekara. In yi mata ƙaho a ƙeya, tsaga uku ƙanana, in nuna musu ɗan jinin da ya fito, in ce na janye dafin ta baya, a bar leɓen sai baɗi. Shekara goma sha biyu ina haka. Kin taɓa jin an ce na taɓa bakinta?"

Juwairiyya ta ji kamar an kwara mata ruwan zafi. Ta tuna Tabita a kan turmi, kanta a sunkuye, ƙeyarta a buɗe. Da ta tsaya ta duba, da ta gani. Kunya ta taso mata, amma haushi ya riga ta fitowa.

"Shekara goma sha biyu, Baba! Ka sani, kuma ba ka taɓa buɗe baki ka ce musu kada kowa ya kuskura ya tsaga ba?"

"In na ce ba na iyawa, sai su nemo wanda zai ce yana iyawa. Ga shi kin gani."

"Ba cewa za ka yi ba ka iyawa ba! Cewa za ka yi duk wanda ya tsaga zai kashe ta! Kai za su ji. Ni in na faɗa, boko ne. Kai in ka faɗa sau ɗaya a zauren Kawu Abel, an gama."

"Wanzami ba ya kushe askar ɗan'uwansa."

"Ko da za ta yi kisa?"

Ya sunkuya ya gyara riƙon leɓen. Juwairiyya ta ci gaba.

"Ni fa? Da na durƙusa ina yi maka zane a ƙasa, me ya hana ka gaya min?"

"Kin tambaye ni? Karatu kika zo yi min."

Inna Rachael, da tun ɗazu take jin su, ta ɗago jajayen idanu. "Badaru, ashe duk shekarun nan ka sani? Mu muna ta jiran ranar da za ka ce ya nuna a tsaga."

"Ki yi haƙuri, Rachael."

Juwairiyya ta kau da kai ta kalli gonaki suna wucewa. Kowa yana kare wani abu. Wannan yana kare sana'a, wancan yana kare girma, ita ma ta kare iliminta da ihu a tsakar gidan mutane. Wadda ke da leɓen ce kawai ba a kare ba.

A asibitin birni aka ɗinke wurin, aka ƙara wa Tabita jini leda biyu, ɗaya Japhet ya bayar. Ta kwana uku aka sallame ta. Da suka koma gida kumburin ya ɗan sace, har wata tsohuwa ta leƙo ta ce ai ga shi nan, aska ta yi aikinta, da ma wuyar ta a daure. Kafin sati ya zagayo ya ciko, ya fi da, ga ɗinki baƙi a kansa.

Ran sha tara ga Nuwamba suka koma, su biyu kamar kullum. Tun a mota Tabita ba ta ce komai ba, magana tana ja mata ɗinkin. Wannan karon akwai wuta. Dakta Kamaruddeen yana nan. Sunansu na cikin littafi, a layi na biyu. Ta ƙofar da aka bari a buɗe Juwairiyya ta hango na'urar, 'yar ƙarama, ba ta kai akwatin rediyo ba, da wata siririyar waya a jikinta. Wani dattijo da ke gabansu ya shiga. Ko rabin sa'a bai yi ba ya fito, wurin da ke shuɗi a harshensa ya koma fari, yana ta nuna wa ɗansa yana magana da ƙyar yana dariya.

Aka kira Tabita. Dakta ya sa ta buɗe baki, ya haska, ya daɗe yana dubawa. Ya kashe fitilar.

"Wa ya yi wannan?"

"Wanzami," in ji Juwairiyya.

"Ke ba ma'aikaciyar lafiya ba ce? Ban gaya muku ba?"

"Ka gaya mana, Dakta. Mun kuma zo sau uku."

Ya cire safar hannunsa. "Ba zan sa haske a kan ɗanyen ciwo ba. Gefen ɗinkin ma ya ɗan yi ruwa. Sai ya warke sarai, wata biyu aƙalla. Kuma ku sani, kumburin zai tafi in Allah ya so, amma tabon askar nan ba na jin zai ɓace."

Ya rubuta magani, ya ɗauki katin ya ja layi a kan tsohuwar ranar, ya rubuta ashirin da takwas ga Janairu. Wata guda ke nan bayan biki.

Juwairiyya ta miƙa hannu za ta karɓa, don a jakarta katin yake zama tun farko. Tabita ta riga ta. Ta duba ranar, ta ninke katin biyu, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"Tabita, ranar zan ɗauki hutu in..."

"Japhet zai kawo ni," in ji Tabita, kalmomin na fita a karkace. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta yi gaba zuwa ƙofa.